Me ya sa anfirmiye yake cika mu da tambayoyi maimakon ya yi allura?

Tun da gwamnatin Nijar ta rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocinta, daga 1 ga Satumban 2024, hirar lafiya a nan Tawa ta koma kan farashi: nawa ne tikiti yanzu, nawa ne awon jini, nawa ne kwanciya. Ragin ya sauƙaƙa wa talaka, wannan babu mai musu. Amma akwai wani ƙorafi da ragin bai taɓa ba, kuma ana jin sa a fada, a kasuwa, har a gidan suna: "Na tai likita da yaro, ko piƙir ba a yi mai ba, sai tambaya da surutu." Mutum ya biya kabu-kabu, ya bi layi tun hantsi, sannan a tsare shi da ina yaron yake kwana, wane ruwa yake sha, wa ke ba shi abinci in uwar ta tafi gona.

Shin wannan tambaye-tambaye da nasiha aikin anfirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, ko dabarar sallamar mutum ce in magani ya ƙare? In kuma aikinsa ne, me ya sa sau da yawa ba a ganin amfaninsa?

Abu uku ne ake cakuɗawa

Akwai magani, akwai rigakafi, akwai kuma bunƙasa lafiya. Magani kowa ya san shi: ciwo ya riga ya shiga, ana neman fitar da shi. Rigakafi yana tare wani ciwo ne takamaimai, kamar allurar ƙyanda ko sange, wato gidan sauro. A makarantun horar da ma'aikatan jinya, irin su ENSP ta Yamai da ta Damagaram, ana koyar da shi hawa uku. Hawa na farko, a hana ciwon shiga. Na biyu, a gano shi tun bai nuna kansa ba, kamar awon tansiyo, wato hawan jini, ga mai ciki ko auna damtsen yaro. Na uku, in ya riga ya zauna a hana shi yin ɓarna, kamar koya wa mai ciwon sukari duba tafin ƙafarsa kullum don ƙaramin rauni kada ya kai ga yanke ƙafa.

Bunƙasa lafiya ya fi waɗannan faɗi. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tara ƙasashe a birnin Ottawa na Kanada, aka tsayar da cewa ma'anarsa ita ce mutane su samu iko a kan abubuwan da ke tafiyar da lafiyarsu. Aka zana fagage biyar. Akwai doka da manufar gwamnati, irin dokar taba da Nijar ta yi a 2006. Akwai muhalli, wato famfo, masai, magudanar ruwa. Akwai ƙarfin jama'a su tsara abinsu, kamar COGES, kwamitin mutanen gari da ke sa ido kan CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa ko ƙauye. Akwai sanin da mutum yake da shi na kula da kansa. Sai kuma juya asibitin kansa ya daina zaman jiran marasa lafiya kawai.

A lura: fage ɗaya tak cikin biyar ɗin ne ya shafi faɗakarwa. Mu kuwa a nan mun ɗauki wannan ɗayan mun mai da shi duka aikin. Da an ce bunƙasa lafiya, abin da ke zuwa a rai shi ne mata zaune bisa tabarma da safe a harabar CSI, wata ma'aikaciya tana buɗe musu hotuna. A nan matsalar ta fara.

Haɗari ba hukunci ba ne

In anfirmiye ya ce yaro yana cikin haɗarin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, bai ce lalle zai kamu ba. In ya ce sange yana karewa, bai ce mai sange ba zai taɓa masassara ba. Lissafi ne na yawa da ƙaranci. Shi ya sa hujjar nan da ake yawan kawowa, "ɗan maƙwabcinmu cikin sange yake kwana, kuma palu ya kayar da shi", ba ta rushe komai. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Afirka sun nuna sange mai magani yana rage kamuwa da kusan rabi, yana kuma rage mutuwar ƙananan yara da kusan ɗaya cikin shida. Rabi ba duka ba ne. Ɗan maƙwabci yana cikin rabin da ya rage.

Saboda haka ake jera kariya ɗaya bisa ɗaya. Sange da dare. Maganin rigakafin damina, wanda ake kira CPS, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, wanda OMS ta ba da shawararsa a 2012, Nijar kuma ta fara a 2013. Allurar rigakafin palu, da aka ƙaddamar a Gaya a 2024. Sai kuma kai yaro a yi masa gwajin jini cikin kwana ɗaya da fara zafin jiki. Ko wanne yana da ɓaraka, amma ɓarakar wannan ba ta faɗa daidai kan ta wancan ba. Kuma ba don wasa ake wannan jeri ba: Nijar na cikin ƙasashe huɗu, tare da Najeriya, Kwango da Tanzaniya, da ke ɗauke da sama da rabin mace-macen palu na duniya baki ɗaya.

CPS ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna inda magana take zama magani ko ta zama asara. Ana ba da shi sau ɗaya a wata cikin damina, kwana uku a jere. Rana ta farko mai rabon maganin yana ba yaro a gabansa. Rana ta biyu da ta uku kuwa, ƙwayar tana hannun uwa. In an sha daidai, yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari. To, amma ƙwayar akwai ɗaci, wani yaron yana amai, wani ya yi laushi yini ɗaya. Uwar da ba a gaya mata haka tun farko ba, da ta ga amai sai ta tsaya. Wata kuma ta adana sauran biyun a ƙullin zane "sai ran da ya yi masassara", ko ta raba wa yayansa mai shekara bakwai don tausayi. A rajista an rubuta yaro ya samu CPS. A jikinsa bai samu ba. Ƙwaya ɗaya ce, kuɗi ɗaya aka kashe, abin da ya bambanta gida da gida minti biyu ne na bayani.

Wani lokacin kuma haɗarin ba ya kawuwa gaba ɗaya, sai dai a rage shi. A 2016 zazzaɓin da ake kira na Kwarin Rift ya ɓulla a wajen Cintabaraden da Tasara, ya kashe mutane, galibi makiyaya. Ciwon daga dabba yake zuwa, ta jini, ta ɓarin ciki, ta ɗanyen nono. Babu mai hankalin da zai ce wa makiyayi ya rabu da bisashensa. Abin da ake iya nema gare shi kaɗan ne: ya tafasa nono, kada ya taɓa ɗan tayin da dabba ta ɓarar da hannu tsirara, kada a yanka maras lafiya a ci. Wannan shi ne rage haɗari. Ana samun mutum a inda yake, a nemi matakin da zai iya ɗauka gobe da safe.

Masu cewa ai komai ƙaddara ne, malamai sun daɗe da ba su amsa da hadisin mai raƙumi, wanda aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. A ganina ma ba a nan gardamar take ba. Da wuya ka ga uwar da ta ƙi sange don tauhidi. Zafi ne, ko sangen ya yage, ko mutum shida ne a shimfiɗa ɗaya.

Akwai shaidar yana aiki?

Akwai, kuma a ƙasar nan. A 1998, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba sa kai shekara biyar. Zuwa 2009 adadin ya sauko 128. Ba manyan asibitoci suka yi wannan ba. Masu binciken da suka bi diddigin lamarin sun danganta shi da rabon sange, da bitamin A, da kula da tamowa bayan yunwar 2005, da ƙananan asibitocin ƙauye kusan 2,000 da aka gina zamanin Tandja, da kuma kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki da aka soma a 2006.

Kurkunu, wanda ba shi da allura ba shi da ƙwaya, da tace ruwa da hana mai ciwon shiga tabki aka kore shi, OMS ta tabbatar da haka a 2013. A Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da ciwon makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Shirin hana zubar jini bayan haihuwa, wanda ya dogara kan ungozomomi da ma'aikatan jinya da ƙwayar misoprostol mai araha, ya rage mutuwar mata ta wannan hanya da fiye da rabi tsakanin 2015 da 2020.

Sanƙarau kuma ya koya mana ɗaya gefen. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta kusan shafe nau'in A, wanda shi ne ke yi mana kisan kiyashi a da. Sai ga nau'in C ya afka wa Yamai a 2015, ya kashe ɗaruruwa. Mutane suka ce ashe allurar banza ce. Ba banza ba ce, abin da aka yi ta dominsa ta yi. Bayanin ne ba a yi ba.

Inda maganar take faɗuwa ƙasa

Je ka zauna a bayan tabarmar faɗakarwa ka saurara. A tambayi matan har wata nawa ake ba jariri nono zalla, za su amsa baki ɗaya: shida. Sun sani. Duk da haka binciken ƙasa na 2012 ya samu kashi 23 cikin ɗari ne kawai na jarirai ƴan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Ke nan ba sani ne ya yi ƙaranci ba. Wadda ake yi wa huɗubar ba ita ke da ta cewa a gida ba.

A Adar wannan ya fi fitowa fili saboda tafiyar maza. Da an gama girbi, gari ya kwashe: Abijan, Libiya, Aljeriya, Najeriya. Wani sai damina, wani sai bayan shekaru. Yarinya mai goyon fari tana gidan surukai, ga kunya ta hana ta ko kiran sunan ɗanta, balle ta yi gardama a kansa. Uwar miji ce za ta ce a ba jariri ruwa saboda zafin Afrilu, ita za ta ce a matse dakashi a zubar, ita za ta kira wanzami ya cire hakin wuya. In yaro ya yi zafi da dare, sai an samu uban a waya, sai ya amince, sai ya aiko da kuɗi. Masana lafiyar mata suna maganar jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda, kuma haka yake ga yaro: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a tsakar gida yake faruwa, inda anfirmiye ba ya nan, kuma wadda ya yi wa bayani ba ita ke riƙe da makullin ba.

Ƙwararren ma'aikacin jinya ya san wannan, shi ya sa tambayoyinsa suke yawa. "Wa ke gida tare da ke?" ba gulma ba ce. Yana neman wanda zai yi wa magana ne. In ya gane kaka ce, sai ya ce a zo da ita, kuma ba zai tsaya yana karanta mata laifinta ba. Zai ce: "Inna, ke kinka reni ubanai, kin fi ni sanin goyo. Abu guda nika roƙo: wata shidan nan a bar shi ga nono, ruwan ki ba uwar ta sha." Tsohuwar da aka girmama a gaban surukarta takan koma gida ta zama mai gadin dokar. Wadda aka kunyata kuwa, ba za ta sake bari a kawo jikan ba.

Haka ma al'adun jego. Likitocin da suka yi aiki a Zariya da Yamai sun daɗe da lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa, kuma kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi na cikin abubuwan da suke zargi, saboda kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Anfirmiyen da ya ce a daina wankan jego gaba ɗaya, an gode masa a baki, an ci gaba. Wanda ya ce a yi wankan amma a sirka ruwan, a yi kunun amma a rage kanwa sosai, kuma in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya a kwance a zo a ranar, shi ne ya rage haɗari. Wasu abokan aikinsa za su ce ya yi sassauci da al'ada. Ni ina ganin shi ne ya yi aikin. Amma sassaucin yana da iyaka: hakin wuya ba shi da rabi. Aska ɗaya a maƙogwaron jariri ɗan kwana bakwai na iya jawo zubar jini ko ciwon tetanus, don haka a nan sai dai a zauna da wanzamin kansa.

Sai batun tamowa, inda aka fi zaluntar uwaye da baki. A ce wa mace a watan Agusta, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, ta riƙa ba yaro ƙwai da nama da madara. Ta ce to. Me za ta ce? Ta fita da kunya, an rubuta an faɗakar da ita. Tambayar da ta dace ita ce me ke akwai a gidan yau. In akwai gujiya ko ƙuli-ƙuli, a daka a zuba a kunu. In akwai wake, in akwai zogale, in akwai cokali ɗaya na mai. Sannan a ba yaro nasa kwano, domin mai shekara ɗaya ba ya iya kokawar akushi da yayyensa. Nasihar da ta fi ƙarfin aljihun mutum zargi ce kawai.

Abubuwa biyu da aka gwada a ƙasar nan sun bi wannan hanya. Makarantar mazaje, da aka fara a jihar Damagaram da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a, ta ɗauki maganar awon ciki da tazarar haihuwa ta kai wa masu ba da izini. A Mirriya kuma ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka miƙa wa uwaye igiyar awon damtse mai launi uku, wadda a da ma'aikaci ne kaɗai ke taɓawa. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a tafi yau. Aka ga uwayen da ba su yi lakkol ba suna auna daidai, kuma suna kawo yara da wuri. Ikon da aka yi magana a Ottawa ke nan, an sa shi a hannun mace a zahiri.

A saurari anfirmiye ma

OMS tana ganin ƙasa na buƙatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi kusan 45 ga kowane mutum 10,000. A Nijar ma'aikatan jinya da ungozomomi ba su kai 5 ba ga wannan adadi, kuma mafi yawansu suna birane. A CSI na ƙauye majo, wato anfirmiyen da ke shugabantar wurin, shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai karɓar haihuwa da dare in babu ungozoma, shi ne mai kula da firijin allurai, shi ne mai cika rahoton wata. A watan Satumba, lokacin da palu ya kai ƙololuwa, layi yana fita har waje. Wanda ke da minti uku ga kowane yaro, in ya zaɓi gwaji da rubuta magani ya bar hira, ba a ce ya yi laifi ba.

Kuma tsarin kansa ba ya ƙirga abin da bai faru ba. Rajista tana da gurbin yara nawa aka duba, allura nawa aka yi. Ba ta da gurbin kakar da aka shawo kanta.

Ga kuma bashin kyautar magani. Tsarin 2006 ya ce CSI ta yi wa yaro magani kyauta, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya yi ta jinkiri shekara da shekaru, kantin magani ya bushe, anfirmiye ya koma rubuta takarda a je farmasi. Uban yaro da ya ji a rediyo cewa kyauta ne, me zai ɗauka? An sayar da maganin. Daga nan duk nasihar da ta biyo baya a kunnensa dabarar kora ce. Zargin nan na farko, cewa surutu mayafin rashin magani ne, a nan ya samo tushe, kuma wani lokacin gaskiya ne.

Amma kada a wanke ma'aikata tas. Masu bincike na LASDEL, wata cibiyar nazarin zamantakewa a Yamai, sun shafe shekaru suna rubuta yadda ake karɓar marasa lafiya a asibitocin gwamnati: tsawa, rashin gaisuwa, fifita mai sanayya, barin na ƙauye a tsaye. Gajiya tana bayyana wani abu daga ciki, ba ta bayyana duka. Macen da aka daka wa tsawa a ɗakin haihuwa za ta haifi na gaba a gida, kuma za ta gaya wa kishiyarta da ƙanwarta dalili. Sallama da "sannu, ya jikin?" ba sa cin ko dala.

Haɗarin da ke cikin asibitin kansa

Rage haɗari bai tsaya ga gidajen mutane ba. Hannun da ya taɓa wannan majinyaci ya taɓa wancan ba a wanke ba yana raba cuta, kuma akwai CSI da yawa da ruwansu a jarka ake kawo shi. Allurar da aka yi amfani da ita, in ta soki ma'aikaci, haɗarin ɗaukar ciwon hanta nau'in B daga mai ɗauke da shi na iya kaiwa kashi 30 cikin ɗari ga wanda bai yi rigakafi ba. Na sida, wato ƙanjamau, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma akwai maganin kariya in an fara cikin awa 72. Shi ya sa ake hana mayar wa allura murfinta, ake jefa ta kai tsaye cikin kwalin da aka tanada.

Wannan ya dawo da mu ga son piƙir, wato allura. Yawancin magungunan da ake bayarwa a CSI suna aiki ta baki kamar yadda za su yi ta allura. Palu maras tsanani ƙwaya ce maganinsa, kwana uku. Zawon yaro, ruwan gishiri da sukari ne da zinc na kwana 10 zuwa 14. Mura ba ta jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kowace allurar da ba a buƙata ƙofa ce ta ƙurji, ko ta taɓa jijiyar ƙafa yaro ya gurgunce. Anfirmiyen da ya hana ka ita ya kare ka ne. Mai tallan magani a tire ko bisa keke ba zai taɓa hana ka ba, shi ya sa ake ganin ya fi kirki.

Tansiyo, wanda ba ya sallama

A cikin gari wani nau'in haɗari yana ƙaruwa. Hawan jini ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Daga 14/9 zuwa sama, in an maimaita awo an samu haka, ciwo ne, ko mutum yana jin garau. OMS ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa ga gishiri, ga dunƙule, ga kanwa, ga yajin tsire. Babban aikin anfirmiye a nan shi ne fahimtar da mutum cewa maganin ba na sati ɗaya ba ne. Da yawa suna sha har awo ya sauka, su ce sun warke, su ajiye. Shanyewar ɓarin jiki takan zo bayan nan, a ce iska ce.

Me zai biyo baya ga talaka?

Ragin 2024 zai sa mutane su zo asibiti da wuri, wannan alheri ne. Amma yawan masu zuwa ba tare da ƙarin ma'aikata ba yana nufin minti ukun nan zai koma biyu, kuma abin da ake fara yankewa shi ne bayani. Ga mai zuwa CSI, abin da ke hannunsa shi ne kada ya tashi sai ya san sau nawa za a sha maganin da kwana nawa, da kuma alamar da in ya gani zai dawo ko da tsakar dare. Ga yaro alamun su ne suma ko jijjiga, ƙin nono, amai da duk abin da ya ci, numfashi da sauri, ko barcin da ba a iya tashe shi. In uwar miji ce ke da ta cewa, a zo da ita. In uban yana Abijan, a kira shi a gaban majo su yi magana, a kuma ajiye jika biyu ko uku a gida da izinin a taɓa ba sai an jira waya ba.

Abin da ya fi ƙarfin gida shi ne kuɗin rigakafin kansa. Sange, CPS da allurai, mafi yawan kuɗinsu daga waje yake zuwa, daga Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da palu, daga Gavi, ƙungiyar da ke tallafa wa ƙasashe da allurar rigakafi, da kuma Amurka, wadda ta zabge tallafinta na lafiya a 2025. In kuɗi ya yi ƙaranci, ba a rufe ɗakin duba marasa lafiya, domin kowa zai gani. Abin da ake dainawa shiru shi ne fitar da ma'aikata ke yi da babur zuwa ƙauyukan da ke nesa da CSI, da ɗan alawus ɗin masu shiga gida-gida. Man babur ɗin nan na wata guda ba wani abu ba ne a kasafin hukumar gari, kuma COGES na da hurumin tambayar ko an sa shi. A ƙauyukan Buza, Kaita da Abalak da ke da tazarar kilomita 15 ko fiye da likita, ko yaro zai samu allurar ƙyanda a wata tara ya dogara ne kan ko babur ɗin ya zo.